Yadda Ake Gano Abin da Ke Kashe Rumbun Bayanai a Kan Linux

Akwai wata makaranta da nake kula mata da uwar garke, ƙaramar na'ura ce mai RAM gigabait 4, shafin duba sakamako da rumbun bayanan PostgreSQL duk a kanta suke zaune. Wata uku babu wanda ya neme ni. Makon da aka fara shigar da makin jarrabawa kuwa, rumbun ya faɗi sau huɗu a yini ɗaya. Malamin da ke shigar da makin ya bugo mini waya ya ce, "Injiniya, abin nan fa ya sake ɗaukewa, ga shi ina tsakiyar aji guda." Na tayar da shi, ya yi awa biyu, ya sake faɗuwa. Na zargi faifai, na zargi manhajar shafin. Ashe PostgreSQL lafiyarsa ƙalau, Linux ce da kanta take kashe shi.

Babbar manhaja, wato Linux, tana da iyakoki da take gindaya wa duk wani aiki da ke gudana a kanta: yawan memorin da zai ci, yawan fayilolin da zai buɗe a lokaci guda, yawan ƙananan ayyukan da zai haifa, da filin da ya rage a faifai. Rumbun bayanai ya fi kowa saurin cin karo da su, domin shi ne mai babban ciki a gidan. Matakan da zan kawo na Ubuntu 24.04 ne da PostgreSQL 16 da ke zuwa tare da ita. Inda MySQL, wani rumbun bayanan na daban, ya sha bamban zan faɗa.

Kafin ka tayar da shi, tattara shaida

Na san ana kiranka, na san hankalinka ya tashi. Duk da haka ka ba kanka minti biyu. Fara da tabbatar da cewa ba na'urar ce gaba ɗaya ta mutu ta taso ba, musamman idan a ofis take inda ake ɗauke wuta:

`uptime`
`journalctl --list-boots`

Idan `uptime` ya nuna minti goma sha biyar kacal, to na'urar ce gaba ɗaya ta sake tashi, wataƙila matsalar wuta ce ko ta batir, sai ka fara daga can. Idan ya nuna kwanaki, rumbun ne kaɗai ya faɗi. Buɗe kundin rahotonsa:

`sudo tail -n 200 /var/log/postgresql/postgresql-16-main.log`

Kada ka tsaya a layin ƙarshe. Layukan ƙarshe koke-koken bayan faɗuwa ne kawai. Hau sama har ka kai layin farko da abu ya ɓaci, ka rubuta lokacinsa a takarda, da minti da daƙiƙa. Wannan lokacin shi za ka riƙa gwadawa da rahoton kanel, wato zuciyar Linux:

`sudo journalctl -k --since "1 hour ago"`

Lambobi huɗu nake so ka haddace, don kusan duk inda ka juya ɗaya daga cikinsu za ka gani. Sigina ta 9 na nufin an kashe aikin da ƙarfi, galibi saboda memori. Kuskure na 24 na nufin fayilolin da aka buɗe sun kai iyaka. Kuskure na 11 na nufin an hana shi haifar sabon aiki. Kuskure na 28 na nufin faifai ya cika.

Idan memori ne

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan zan fi daɗewa. Ga irin abin da na gani a rahoton makarantar nan:

`server process (PID 2817) was terminated by signal 9: Killed`
`Failed process was running: SELECT ...`
`terminating any other active server processes`

A daidai wannan daƙiƙar kuma kanel ya rubuta nasa:

`Out of memory: Killed process 2817 (postgres)`

Lamba 2817 ta fito a wuri biyu, lokaci ya zo ɗaya. Bincike ya ƙare ke nan, saura sanin dalili.

Linux tana da wata ɗabi'a ta yin alƙawarin memorin da ya fi wanda take da shi, bisa zaton ba kowa ne zai zo karɓar nasa a lokaci ɗaya ba, kamar mai adashen da ya yi wa mutum uku alƙawarin kwasa ɗaya. Ranar da duk suka zo, sai kanel ya saki abin da ake kira OOM killer, ya duba wanda ya fi kowa cin memori ya kashe shi don na'urar ta rayu. Shi kuwa PostgreSQL, duk wanda ya haɗu da shi sai ya ba shi ɗan aike nasa na kansa, kuma 'yan aiken nan duka daga akushi ɗaya suke ci, wato memorin tarayya. Idan aka kashe ɗaya yana tsakiyar rubutu a wurin, uban gidansu ba shi da tabbacin bai bar ɓarna ba, sai ya sallami kowa, ya farfaɗo da bayanansa daga kundin WAL, wato kundin da yake fara rubuta kowane canji a ciki kafin ya shiga tebur. Shi ya sa tambaya ɗaya mai nauyi take katse aikin mutum ɗari. Abin da aka riga aka tabbatar da ajiyarsa ba ya ɓata matuƙar `fsync`, saitin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, a kunne yake, amma wanda ake kan shigarwa ya tafi.

Wani abu da mutane ke tsallakewa: wanda aka kashe ba lallai shi ne mai laifin ba. Sama kaɗan da layin kisan, kanel yakan jera duk ayyukan da ke gudana da abin da kowanne ya ci. Duba ginshiƙin `rss`. Lissafinsa da shafuka ne, kowane shafi kilobait 4, don haka 262144 na nufin gigabait 1. Sau da yawa za ka tarar 'yan aiken PHP ne, wato na manhajar shafin, guda hamsin suka cinye memorin, rumbun ya biya bashin da ba shi ya ci ba.

Idan kuwa layin ya fara da `Memory cgroup out of memory`, to na'urar ba ta cika ba, wani shinge aka yi wa rumbun shi kaɗai. Duba shi da:

`systemctl show postgresql@16-main -p MemoryMax -p OOMPolicy`

A cikin Docker, manhajar da ke killace aiki a wani keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena, alamar ita ce kwantenar ta fita da lamba 137, wato 128 a tara da 9, kuma `docker inspect` zai nuna `OOMKilled`. Shi kuma `OOMPolicy`, idan ka ga yana kan `stop`, systemd, mai tayar da hidimomin Linux da kula da su, shi ne zai tsayar da rumbun gaba ɗaya da zarar an kashe ɗan aike guda, maimakon ya bar shi ya farfaɗo da kansa.

Yanzu sai lissafi. Shiga `psql`, manhajar da ake ba PostgreSQL umarni da ita, ka tambayi waɗannan uku:

`SHOW shared_buffers;`
`SHOW work_mem;`
`SHOW max_connections;`

Na farko memorin tarayya ne, na biyu memorin da tambaya ke ci wajen jerawa, na uku iyakar yawan masu haɗi, kuma yadda suke zuwa daga asali shi ne 128MB, da 4MB, da 100. A makarantar nan na tarar an ɗaga `work_mem` zuwa 64MB don rahoton ƙarshen zango ya yi sauri, kuma ya yi saurin. Abin da ba a lura da shi ba shi ne `work_mem` ba na rumbun gaba ɗaya ba ne, ba ma na mutum ɗaya ba ne. Duk jerawa ɗaya ko haɗa tebur ɗaya a cikin tambaya tana iya cin nata kason. Malamai 40, kowanne da tambaya mai jerawa biyu: 40 sau 2 sau 64, megabait 5120 ke nan, a na'urar da duk abin da ta mallaka 4096 ne, ba a ma sa gigabait 1 na `shared_buffers` a lissafin ba.

Gyaran farko shi ne mayar da `work_mem` ƙasa, ni na sa 8MB, sannan a ba mai fitar da rahoto shi kaɗai babban kaso:

`ALTER ROLE rahoto SET work_mem = '64MB';`

`shared_buffers` kuma ka bar shi wajen kashi ɗaya cikin huɗu na RAM idan rumbun ne kaɗai a na'urar, ƙasa da haka idan yana da abokan zama. A MySQL takwaransa shi ne `innodb_buffer_pool_size`.

Gyara na biyu shi ne rage yawan 'yan aike. Idan ka ga saƙon `too many clients already`, zuciyarka za ta ce ka mayar da `max_connections` 500. Kada ka yi, ƙara wa wuta fetur ne. Sa PgBouncer a tsakani. Shi yana zama a ƙofa ta 6432, ya karɓi ɗaruruwan masu haɗi, ya riƙa ba su aron 'yan aike 20 bi da bi. Sai dai ka gwada manhajarka tukuna idan za ka sa shi a tsarin `transaction`, domin abubuwa irin su `LISTEN` da saitin da ake so ya dawwama tsawon zama ba sa tafiya daidai a haka.

Na uku, idan na'urar ba ta da swap, wato filin faifai da ake ara ya tsaya a madadin memori, yi mata ko da kaɗan ne:

`sudo fallocate -l 2G /swapfile`
`sudo chmod 600 /swapfile`
`sudo mkswap /swapfile`
`sudo swapon /swapfile`

Ka sa shi a `/etc/fstab` don ya dawo bayan an sake kunna na'urar. Swap ba ya ƙara sauri. Amfaninsa shi ne na'urar ta fara jan ƙafa ka lura, kafin a kai ga kisa.

Akwai mataki na huɗu da littafin jagoran PostgreSQL da kansa ya ba da shawara, wato a hana Linux yin alƙawarin abin da ba ta da shi, ta hanyar sa `vm.overcommit_memory = 2`. Da wannan, tambayar da ta nemi fiye da kima ita kaɗai za ta samu saƙon `out of memory`, sauran jama'a su ci gaba da aikinsu. Shawara ce mai kyau, amma akwai rami a gabanta. Sabuwar iyakar ita ce swap a tara da wani kaso na RAM, kuma kason nan, `vm.overcommit_ratio`, a 50 yake zuwa. Na'ura mai gigabait 4 marar swap za ta koma tamkar mai gigabait 2. Don haka tare ake sa su a fayil ɗaya cikin `/etc/sysctl.d/`:

`vm.overcommit_memory = 2`
`vm.overcommit_ratio = 80`

Sai ka ba da umarnin `sudo sysctl --system`, ka kwatanta `CommitLimit` da `Committed_AS` a cikin `/proc/meminfo`. Idan na biyun ya kusa taɓa na farkon tun kafin aiki ya yi zafi, iyakar ta yi ƙasa. A ra'ayina wannan saitin na na'urar da rumbun ke zaune shi kaɗai ne. Inda akwai kwantenoni ko manhajojin Java, yakan jawo wata rigimar.

Za ka ga wasu suna cewa a sa `oom_score_adj`, makin da kanel ke dubawa wajen zaɓen wanda zai kashe, a -1000 don kada a taɓa kashe rumbun. Ubuntu da Debian sun riga sun sa wa uban gidan -900, suka bar 'yan aiken a sifili, kuma haka ya dace. Idan ka kare kowa da kowa, kanel zai koma kan wasu ayyukan, wataƙila har da hanyar da kai kanka kake shiga na'urar.

Idan fayiloli ne suka kai iyaka

Saƙon shi ne `Too many open files`, kuskure na 24. A Linux kowane haɗi ta hanyar sadarwa ma fayil ake ɗaukarsa, kuma iyakar da aka gada ita ce 1024 ga kowane aiki. PostgreSQL bai cika shan wannan wahalar ba, tunda kowane ɗan aike da nasa kason. MySQL da ɗan'uwansa MariaDB kuwa aiki ɗaya ne tilo da ke riƙe da dukkan tebura da dukkan masu haɗi, haka ma PgBouncer. MySQL 5.7 idan ya tarar da iyakar 1024 yakan rage `max_connections` da kansa zuwa 214, ya rubuta `Changed limits` a rahotonsa ya yi shiru. Duk ranar da ka sa 500 ka dawo ka ga 214, ka san inda za ka duba.

Kuskuren da na ga ya fi cinye wa mutane lokaci shi ne wannan. Mutum zai buɗe `/etc/security/limits.conf`, ya sa 65535, ya fita ya sake shiga, ya buga `ulimit -n`, ya ga sabuwar lamba, ya kwanta da murna. Washegari rumbun ya sake faɗuwa. Wancan fayil ɗin na masu shiga na'urar ne da sunansu, systemd ba ya karanta shi idan zai tayar da hidima. Abin da `ulimit` ya nuna maka iyakarka ce kai, ba ta rumbun ba. Gani ya kori ji, tambayi aikin da ke gudana kai tsaye:

`cat /proc/$(pidof mysqld)/limits`
`sudo ls /proc/$(pidof mysqld)/fd | wc -l`

Na farko zai nuna iyakar gaskiya a layin `Max open files`, na biyu zai ƙirga waɗanda ke buɗe yanzu. A MariaDB na zamani sunan aikin `mariadbd` ne. Gyaran kuma ta hannun systemd ake yin sa. Buga `sudo systemctl edit mysql`, ka rubuta:

`[Service]`
`LimitNOFILE=65535`

Sake tayar da rumbun, sannan ka koma `/proc` ka tabbatar lambar ta canja. Kada ka gyara fayil ɗin hidimar da ke `/usr/lib/systemd/system`, sabuntawa ta gaba za ta share aikinka. Bayan haka ka riƙa ƙirga fayilolin da ke buɗe na 'yan kwanaki. Idan kullum hawa suke ba sa sauka ko da dare, manhajarka ce take buɗe haɗi ba ta rufewa, kuma 65535 ɗin ma wata rana za ta cika.

Idan an hana shi haihuwa

PostgreSQL zai ce `could not fork new process for connection: Resource temporarily unavailable`, MySQL kuma ya ce `Can't create a new thread (errno 11)`. Duba `systemctl status` na rumbun, akwai layin `Tasks` da ke nuna adadin yanzu da iyakarsa. Kanel ma yakan rubuta `fork rejected by pids controller`. Ana ɗaga `TasksMax` ta hanyar `systemctl edit` ɗin nan dai. Amma yawanci wannan ciwon da na yawan masu haɗi uwarsu ɗaya, maganinsu ma ɗaya.

Idan faifai ya cika

`df -h`
`df -i`

Dukansu biyu za ka duba. Na biyun yana ƙirga guraben sunayen fayiloli, kuma miliyoyin ƙananan fayiloli suna iya cinye su alhali fili na nan jingim, saƙon kuwa iri ɗaya ne: `No space left on device`. Idan `df` ya ce an cika amma ka rasa abin da ya cika shi, gwada `sudo lsof +L1`, zai nuna fayilolin da aka goge amma wani aiki na riƙe da su har yanzu.

Idan PostgreSQL ya kasa rubutu a foldar `pg_wal`, sai ya rubuta `PANIC` ya tsaya cak. Za ka leƙa ka ga ɗaruruwan fayiloli masu megabait 16 kowanne, hannunka ya riƙa ƙaiƙayin gogewa. Don Allah kada ka taɓa su, garin neman gira za ka rasa ido. Su ne abin da rumbun zai karanta ya farfaɗo. A da sunan foldar `pg_xlog`, mutane suka yi ta goge ta suna zaton rahoto ne marar amfani, har aka canja mata suna a PostgreSQL 10 a shekarar 2017. Nemi fili a wani wurin: `sudo apt clean`, da `sudo journalctl --vacuum-size=200M`, da kwashe tsofaffin kwafin ajiya zuwa wata na'urar. Da zarar rumbun ya tashi, tambaye shi abin da ya hana shi share nasa:

`SELECT slot_name, active FROM pg_replication_slots;`
`SELECT failed_count, last_failed_time FROM pg_stat_archiver;`

Ko dai akwai gurbin da aka buɗe wa wata na'urar kwafi da ta daɗe da mutuwa, rumbun yana ta tara mata kaya, ko kuma umarnin kwashe WAL zuwa ma'ajiya yana ta faɗuwa. Idan gurbin ne kuma ka tabbatar ba a buƙatarsa, cire shi da `pg_drop_replication_slot`, sannan ka sa `max_slot_wal_keep_size`, wanda ya shigo tun PostgreSQL 13. A MySQL kuwa da `PURGE BINARY LOGS` ake rage kundayensa, ba da `rm` ba. Ni dai a kowace uwar garke nakan ajiye wani fayil na banza mai gigabait 2 a faifan rumbun, don ranar da aka cika in sami abin gogewa nan take ba tare da fargaba ba.

Masu amfani da Docker su lura da wannan: idan saƙon ya ce `could not resize shared memory segment`, ba faifai ne ya cika ba, `/dev/shm` ne, wanda Docker ke ba megabait 64 kacal. Ƙara shi da `--shm-size`.

Akwai kuma wani mai wuyar ganewa da ke samun waɗanda suka girka PostgreSQL da hannu suka ƙirƙiri mai amfani `postgres` a matsayin mutum na yau da kullum. Saitin `RemoveIPC` na systemd yakan share memorin tarayyar mutum da zarar ya fita daga na'urar. Sai ka ga rumbun yana rikicewa jim kaɗan bayan wani ya shiga da sunan `postgres` ya fita. Sa `RemoveIPC=no` a `/etc/systemd/logind.conf`.

Gwada gyaran kafin jama'a su gwada maka

Canji ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda, ka rubuta tsohuwar lamba da sabuwa da kwanan wata. Sannan ka ɗora wa rumbun kaya da gangan, a na'urar gwaji ko da tsakar dare. PostgreSQL yana zuwa da manhajar gwajin nauyi mai suna `pgbench`:

`createdb gwaji`
`pgbench -i -s 20 gwaji`
`pgbench -c 80 -j 4 -T 300 gwaji`

Wannan masu haɗi 80 ke nan na tsawon minti biyar. Tambayoyin `pgbench` na asali marasa nauyi ne, don haka ka ɗauko ainihin tambayar da ka gani a layin `Failed process was running`, ka sa ta a fayil, ka ba shi da `-f` a kan kwafin bayananka. A wata tagar ka bar `vmstat 5` yana gudana, idonka a kan ginshiƙan `si` da `so` masu nuna shiga da fitar swap, a ta uku kuma `journalctl -kf`. Ka girka `sysstat` ka kunna shi, domin gobe idan wani abu ya faru da ƙarfe uku na dare, `sar -r` zai nuna maka yadda memorin ya riƙa hawa kafin lokacin.

A makarantar nan abin da na yi bai wuce uku ba: `work_mem` ya koma 8MB, PgBouncer ya shiga tsakani da 'yan aike 20, aka ƙara swap na gigabait 2. Na gudanar da tambayar rahoton da masu haɗi 80, memorin bai ƙare ba, kanel bai ce uffan ba. Da safe na kira malamin na ce ya sake shigar da makin ajin da ya tafi, na zauna ina kallon rahoton har ya gama.